Ragowar Cizon Behruz

Tun da hantsi Shahlo take zaune a gindin tanderu da kwano a cinya, tana murza man shanu da sukari, amma hankalinta ba ya cikin kwanon. Yau da la'asar dangin Komron za su zo karya gurasa. Dattijo zai ɗaga gurasa biyu a haɗe, ya karya a gaban shaidu, a raba wa kowa gutsure, shi ke nan ta zama tasu. Gurasar da aka karya kuwa ba mai iya mayar da ita.

Kada a ɗauki alhakin kowa, ba wanda ya tilasta mata. Shekararta ashirin da biyar, kuma mahaifinta, Baba Haitboy kafinta, ya tambaye ta da bakinsa ba sau ɗaya ba. Ita ce ta dinga sunkuyar da kai, har shirun nata ya tsufa ya zama "to" a kunnen kowa.

To me za ta ce? Ta ce tana jiran Behruz, ɗan gidan da ke kallon nasu, wanda ya tafi aikin gini Rasha tun bara waccan? Behruz ɗin da uwarsa ta rantse a gaban matan unguwa cewa in dai tana numfashi Shahlo ba za ta tsallaka mata dokin ƙofa ba?

Laifin kuma duk na biskit ne, abin dariya abin kuka. Shekarar da Shahlo ta dawo daga koyon girki a birnin Khujand, kanta na rawa, aka yi bikin yayan Behruz. Ta kwana biyu tana shiri, ta gasa biskit da zabibi da busasshen zardolu, wani ɗan itace mai zaƙi kamar ƙaramin mangwaro, da ƙwayar ƙwallonsa, ta shafe saman kowanne da narkakken cakulan, ta ɗauko faranti guda ta dire a tsakiyar shimfiɗar amarya. Shimfiɗar amarya fa, inda ba a ɗora komai sai fari: gurasa, madara, farar alawa, don hanyar yarinya ta yi haske. Baƙi suka cinye tas har suna lashe yatsa. Auren bai ga bazara ba ya mutu.

Duk ƙauyen an san ango da amaryar tun ran farko jininsu bai haɗu ba. Amma Inna Sabohat, uwar Behruz, wadda ita ke gasa gurasar kowane biki a unguwar tun kafin a haifi Shahlo, ta ce atafau baƙin abin nan ne ya shafa wa ɗanta baƙin jini. Daga ranar ta raɗa wa Shahlo suna mai baƙin hannu. In ta hango ta a bakin ƙorama sai ta canza hanya.

Iska ta kaɗo daga saman soro, inda aka shanya zardolu jere-jere, ruwan ɗorawa, rana na tsotse su a hankali. Ƙamshin ya cika tsakar gidan. Shahlo ta ajiye kwanon ta jawo dutse, ta shiga fasa ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya. Kowace ƙwaya sai ta ɗan taɓa ta da harshe kafin ta jefa a kwano, don guda ɗaya mai ɗaci ta isa ta ɓata faranti. Aikin nan a da Behruz ke tsallako hanya ya taya ta, wai shi harshensa ya fi nata gane ɗaci, alhali rabin ƙwayoyin a cikinsa suke ƙarewa. In ta kama shi sai ya yi dariya, wushiryarsa ta bayyana, faɗan ya bi iska.

Tana cikin wannan duniyar Innarta ta fito daga ɗaki, hannu duk gari, ta tsaya a kanta.

"Shahlo-jon, 'yar lelena, yau dai ki rufa min asiri. Fari nake so, fari tas. Ko ɗigon cakulan kada in gani a farantin nan."

Shahlo ta ce to. Inna ba ta tafi ba. Ta zauna a bakin dakali ta ɗauko karatun da kullum take yi: Komron yaro ne mai hankali, shagonsa na busassun 'ya'yan itace a kasuwar Isfara ba ya rabo da mutane, kullum a gidansu yake kwana ba a wata uwa duniya ba, zabibin nan ma da take jiƙawa a ruwan shayi shi ya aiko da shi, zaɓaɓɓe, ko tsinke babu. Ga ƙanwarta can masu nema sun fara leƙowa, kuma ba a aurar da ƙarama babba na zaune. Duk gaskiya ne, abin da ya fi ƙona wa Shahlo rai ke nan. Da mugu ne Komron, da abin ya zo mata da sauƙi.

"Inna, in na ce a ƙara min lokaci fa?"

"Lokacin jiran wa? Wanda ko mutum ɗaya bai taɓa turowa gidan nan ba?" Muryar Inna ta karye. "Ni na haife ki, ina jin kukanki ta bango. Amma uwarsa ba ta son ki, 'yata. Gidan da uwar miji ba ta son ki, ko da zinare aka gina shi, a tsaye za ki tsufa."

Hawaye ya gangaro wa Shahlo ya ɗiga a bayan hannunta. Inna ta share mata da gefen kallabi, ita ma nata idon ya cika. Don ta kawar da zancen ne ta kawo labarin da ta jiyo a bakin ƙorama da safe, ba ta san wuta take zuba wa mai ba.

Wai jiya akuyar Inna Sabohat ta tsinke igiya ta shiga rumfa, ta ɗage ƙafa ta cinye gurasar Behruz da ke rataye a bango. Gurasar da ya ciza ranar tafiyarsa, aka rataye masa ragowar don rabonsa ya jawo shi gida. Sai zare kawai ta bari a jikin ƙusa. Ga shi tun farkon tsinkar zardolu wayarsa ba ta shiga, abokan aikinsa ma an rasa mai ba da labari. Matar ta kwanta, ko ruwan shayi ta ƙi sha, tana cewa rabon ɗanta ya ƙare a garin nan.

Innarta ta yi tsaki, ta ce Allah dai ya kyauta, ta koma ɗaki.

Shahlo ta daɗe dutsen na hannunta. Can ta miƙe, ta kwaɓa fulawar, ta zuba zabibi da zardolu da ƙwayoyin, ta jera a faranti farare kamar yadda aka ce. An kwashe gurasar safe, tanderun ya huce daidai yadda biskit ke so. Ta watsa ɗan gari a bangonsa ta ga bai ƙone ba, ta zura farantin a kan toka, ta rufe bakin. Sannan ta wanke hannu ta shige ɗakinsu.

A ƙasan akwatin kayanta, ƙarƙashin barguna, akwai wani gwangwanin shayi da ta naɗe bakinsa da ƙyalle. Tun ranar da ta rufe shi ba ta sake buɗewa ba, don tsoron iska da tururuwa. Takan dai ɗauko shi ta rungume in abin ya ishe ta.

Da sanyin safiya ne, ranar da Behruz zai tafi. Ganyen zardolu ya yi ja yana zuba, hazo kwance a kan duwatsu, mota na jira a bakin hanya. Ta same shi a bayan lambu ta miƙa masa ƙullin biskit na guzuri, da ɗuminsu, cakulan ɗin ko gama daskarewa bai yi ba. Ya kwance ƙullin ya zaro ɗaya, ya ciza, ya tauna a hankali yana kallon ta. Sai ya kamo hannunta ya ɗora mata ragowar.

"Inna ta rataye nata a bango," ya ce. "Wannan naki ne. Ki ajiye min, zan zo in ƙarasa."

Iyakar alkawarin ke nan, ba shaida sai bishiyoyi. Shi ya sa ko Innarta ba ta sani ba. Budurwa ta keɓe da saurayi a bayan lambu har ya bar mata cizonsa? In maganar nan ta fita, Baba ba zai iya ɗaga kai a masallaci ba, dangin Komron kuma za su naɗe gurasarsu su tafi da labari. Ba ita kaɗai ba, har ƙanwarta sai abin ya shafa.

Ta san duk wannan. Ta kuma san akwai wata tsohuwa a tsallaken hanya da ke kallon ƙusa babu komai a jiki sai zare. Ta ɗauki gwangwanin ta rufe da mayafi ta fita.

A ƙofar gida ta yi kiciɓis da Komron. Ya riga danginsa zuwa, yana sauke buhun gyaɗar bishiya daga bayan mota, sanye da sabuwar riga wadda ko karin guga bai bar jikinta ba. Da ya gan ta sai ya rasa inda zai sa hannunsa. Ya gaishe ta, ya tambaya ko zabibin ya yi, ya fara bayanin daga wace gona aka tsinko shi, sannan idonsa ya sauka a kan abin da take ɓoyewa. Cikin murmushi ya tambaya ko nasa ne.

"Ba naka ba ne, Yaya Komron. Ka yafe min."

Murmushin ya daɗe a fuskarsa bayan ya mutu. Ya bi ta da kallo har ta tsallaka hanya ta tura ƙofar da bai taɓa ganin ta tura ba.

Inna Sabohat na kwance a dakalin rumfa, ƙarƙashin inabi, ta juya fuska ga bango. 'Yar mitsitsiyar mace ce, amma muryarta takan kai ƙarshen unguwa. Yau kam muryar ta shige ciki. Akuyar na ɗaure a can kusurwa tana tuƙa abinta, ko a jikinta. Da tsohuwar ta juyo ta ga mai sallama, sai ta yunƙura ta dafa ƙirji.

"Me aka ji? Faɗa min kawai. Ai na san ba alheri zai kawo ki gidana ba."

"Ba a ji komai ba, Inna."

"To me kika zo yi? Kallon ƙusar? Ga ta can, kalla ki more."

Shahlo ta durƙusa a gabanta. Ta so ta tsara magana, harshen ya ƙi. Sai kawai ta faɗi abin yadda yake: bayan lambu, sanyin safiya, ƙullin guzuri, da abin da ya ce. Tana faɗa tana kuka, tsohuwar na kallon ta da ido jawur. Da ta gama, Inna Sabohat ta yi wata dariya marar daɗi, ta ce wato bayan babban ɗanta har ƙaramin ma an ciyar da shi baƙin abin nan, shi ya sa ya ɓace. Ta ce ta kwashe tsiyarta ta fita.

"Zan fita, Inna. Yau da la'asar ma za a karya min gurasa, kin huta da ni. Amma rabonsa bai ƙare a garin nan ba. Ga shi nan a hannuna, ban bar ko tururuwa ta taɓa ba. Ki karɓa ki rataye, ko ba don ni ba."

Ta kwance ƙyallen. Murfin ya cije, sai da ta sa farce. Ta buɗe takardar da ta naɗe shi a ciki, ta tsaya cak.

Biskit ɗin yana nan, ya bushe ƙamas kamar katako. Amma cakulan ɗin da ta shafa masa baƙi wuluk ya rikiɗe. Zafin bazara biyu da sanyin hunturu sun bi ta kansa, ya yi fari fat, kamar an barbaɗa masa gari.

Inna Sabohat ta miƙo hannu ba tare da ta sani ba. Ta kai shi kusa da ido, ta juya shi wajen haske. A bakin cizon, tsakanin gurbin haƙora biyu na gaba, ga wani ɗan siririn tudu da haƙori bai taɓa ba. Ta ɗora ɗan yatsa a kai ta shafa.

"Wushiryarsa," ta ce a hankali. "Ta ubansa ce. Tun yana yaro in ya saci gurasa da ita nake kama shi."

Sai kukan da ta riƙe tun jiya ya ɓalle. Ta rungume biskit ɗin a ƙirji tana jijjiga, tana kiran sunansa, tana cewa ɗan nan ko rigar sanyi mai kauri bai tafi da ita ba. Shahlo ta dafa gwiwarta suka yi ta yi tare, babu mai rarrashin wani. Inuwar ganyen inabi na yawo a kansu, daga tsallaken hanya kuma ƙamshin biskit ɗin da ke tanderu ya biyo iska ya shigo.

Da kukan ya lafa, tsohuwar ta sake duban abin hannunta, ta dubi Shahlo.

"Wannan ne baƙin?"

"Shi ne, Inna. Haka yake yi in ya daɗe."

"Hm." Ta ja hanci. "Kin san abin da za a ce da ke in aka ji?"

"Na sani."

"Kika kuma kawo."

 A waje aka ji tsayuwar mota, da muryoyin maza ana gaisawa, da dariyar gwaggon Komron wadda ba a ɓata ta da ta kowa. Shahlo ta miƙe ta gyara mayafi, ta ce bari ta je kada biskit ya ƙone. Ta fita ba ta waiwaya ba, gwangwanin ma a nan ta bar shi.

Bai ƙone ba, ya yi daidai. Ta jera a faranti, Innarta ta kai ɗakin baƙi tana harararta don jan idon da ta gani. Shahlo ta tsaya a bayan taga, inda labule ya ɗan rabu. Tana ganin farar shimfiɗa, da farar alawa, da gurasa biyu a haɗe. Kawun Komron ya yi doguwar addu'a, gwaggon ta ɗanɗani biskit ta yaba hannun amarya. Komron na can bakin ƙofa, kansa a ƙasa, bai faɗa wa kowa abin da ya gani ba. Aka miƙa wa Baba gurasar, don shi ne babba a wurin. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi bismillah.

Ji take kamar ba ita ba, kamar wata ce ake aurarwa ita kuma ta zo kallo. Ta lumshe ido don kada ta ga karyawar.

Sallama ta ji, da muryar da takan kai ƙarshen unguwa.

Inna Sabohat ce, takalmi ma ƙafa daban-daban, ta yafa tsohon mayafi. Matar da rabonta da gidan nan tun bikin babban ɗanta. A hannunta ga ɗan ƙulli cikin farin kallabin da ta cire daga kanta, an ɗaure shi da zaren nan da akuya ta bari. Ta nemi gafarar maza, ta durƙusa a gefen shimfiɗa ta kwance ƙullin a gaban Baba.

"Haitboy, kafin ka karya, dubi nan. Cizon ɗana ne. A hannun 'yarka ya bar shi, ita ta tsare min shi har yau."

 Innar Shahlo ta dafe baki. Gwaggon Komron ta ajiye ragowar biskit ɗin da ke hannunta kamar ya ƙone ta, ta ce ai su ba a gaya musu yarinyar da ajiyar wani a hannunta ba. Kawun ya fara gyaran murya. Fuskar Baba ta yi duhu, jijiyar goshinsa ta tashi, gurasar na nan a hannunsa.

"Ban ce ina son ta ba," Inna Sabohat ta ci gaba, ko kallon gwaggon ba ta yi ba. "Ban kuma san inda ɗana yake ba, balle in yi maka alkawarin rana. Amma ba zan rataye wannan a bangona ba. Mutum inda ya bar cizonsa can yake komawa. A gidan nan nake so a rataye shi, in Allah ya dawo da shi, ta ƙofarka zai fara shigowa. Kai kafinta ne, ba ka rasa ƙusa ba."

Kawun Komron ya ce magana fa an riga an yi ta, mutane sun taso tun daga Isfara. Baba ya ce ya sani. Ya dubi gurasar, ya dubi ɗan busasshen abin da ke cikin kallabin, ya ɗaga kai ya dubi taga, daidai inda labulen ya rabu. Shahlo ba ta sunkuyar da kai ba. Karo na farko ke nan tun da ya fara tambayar ta.

Ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya ajiye gurasar a kan shimfiɗa, lafiyarta ƙalau, ya tura ta a hankali gaban kawun yana ba shi haƙuri. Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya je bakin ƙofa inda jabbarsa ta sallar Juma'a ke rataye a ƙusa, ya sauke ta ya saɓa a kafaɗa, ya koma gefe.

Inna Sabohat ta ɗaure ƙullin ta nufi ƙusar. Ta miƙa hannu, ta yi ɗage, ta sake yin ɗage. Ƙusar ta yi mata nisa.

Baba bai juyo ba, kuma muryarsa ba ta yi laushi ba.

"Shahlo," ya ce, "shigo ki kama mata."